Ɗan Hakin Da Kociyoyin Jami'o'in Amurka Suka Raina

Daga Wakilinmu

Ranar Asabar 17 ga watan Oktoba, 2015, mutane fiye da 111,000 suka yi cincirindo a filin wasa na Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor a ƙasar Amurka, domin su kalli ɗaliban jami'arsu suna karawa da maƙwabtansu, kuma abokan hamayyarsu na tun da can, watau ɗaliban jami'ar da ake kira Michigan State. Saura sakan 10 a tashi, masu masaukin baƙi suna gaba da maki 23 da 21, ƙwallo kuma yana hannunsu. Abin da ya rage musu bai taka kara ya karya ba. A cillo ƙwallo ga mai bugu, shi kuma ya ɗirka shi can nesa, lokaci ya ƙare, kowa ya kama gabansa. To, sai aka cillo ƙwallon ƙasa-ƙasa, ya kuɓuce daga hannun mai bugun, wani ɗalibi ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Blake O'Neill. Ya sunkuya ya ɗauka yana neman ya buga, kafin ya ankara an rufe shi, ƙwallo ya yi sama ya faɗa hannun Jalen Watts-Jackson na Michigan State, wanda ya sheƙa da shi yadi 38 har cikin gida. Aka tashi 27 da 23. Baƙin da ba su taɓa shiga gaba ba tun farkon wasa, su ne suka tafi da nasara bayan agogo ya tsaya.

Tun a daren mutane suka yi wa ɗalibin nan ca, wasu da zagi, wasu har da barazana, sai da shugaban sashen wasanni na jami'ar na lokacin, Jim Hackett, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon magoya baya su sassauta. An manta cewa a cikin wasan nan dai yaron ya yi wani bugu mai nisan yadi 80. Mu ma nan mun san halin 'yan kallo, in ƙwallo ya shiga raga mai tsaron gida ake tsinewa, ba a tambayar inda 'yan baya suke. A ganina an bar jaki ne ana dukan taiki. Duk ranar da bugu ya lalace a ƙwallon jami'o'in Amurka, wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne babban koci, domin shi ke raba lokacin horo, shi ke raba mataimaka, shi ke zaɓen waɗanda za su tsaya a gaban mai bugu.

Yadda wasan yake

Da yake wannan wasa baƙo ne ga yawancin masu karatu, ya kamata a ɗan yi shimfiɗa. Amurkawa suna kiransa ƙwallon ƙafa, amma da hannu aka fi yinsa, ƙwallon kuma dogo ne mai siffar gwanda. A jami'o'i aka haife shi, tun karawar da aka yi tsakanin Rutgers da Princeton ranar 6 ga Nuwamba, 1869. Tsawon fili yadi 100 ne, a kowane ƙarshe kuma akwai gida mai yadi 10, kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su yunƙuri huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sabunta musu wasu huɗu. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa a daidai inda ya tsaya. Wanda ya shiga gidan abokan karawa da ƙwallo ya sami maki 6, sa'an nan a ba shi wani ɗan bugu na ƙarin maki 1. Wanda kuwa ya buga ƙwallo daga fili ya ratsa tsakanin sanduna biyu ya sami maki 3.

To, in an yi yunƙuri uku ba a ci yadi 10 ba, gida kuma yana da nisa, hikima ita ce kada a yi kasadar na huɗu. Sai a buga ƙwallon can nesa, yadi 40 ko fiye, domin abokan karawa su fara nasu harin daga wuri mai wuya. Wannan shi ne bugun sallama, wanda Amurkawa ke ce wa fant. Saboda doka ta yarda a canja 'yan wasa yadda aka ga dama, kowace jami'a tana da rukuni uku, watau rukunin hari, da rukunin tsaro, da kuma rukunin bugu. Na ukun nan shi ke fita duk lokacin da ƙafa za ta taɓa ƙwallo, ko bugun sallama, ko bugun sanduna, ko bugun buɗe wasa, shi ne kuma ke karɓa ko tarewa in abokan karawa ne ke bugawa. A kansa muke magana.

Aikin sakan biyu

Bugun sallama aiki ne na sakan biyu. Mai bugu yakan tsaya kimanin yadi 15 a bayan layi. Mai cillowa yakan duƙa ya wurgo masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa cikin ƙasa da sakan ɗaya, shi kuma ya cafe, ya yi taku biyu, ya buga. Kociyoyi suna son a gama wannan duka cikin sakan biyu ko ɗan abin da ya ɗara haka, domin iyakar lokacin da ɗan tsaro mai zafin nama yake bukata ke nan ya iso ya miƙa hannu. In ƙwallo ya zo a karkace, ko mai bugu ya ƙara taku ɗaya, ko mutum ɗaya a layi ya bar wanda aka ba shi ya wuce, to, magana ta ƙare. Bugun da aka tare ya fi kowace ɓarna muni a wasan nan, domin ƙwallo yakan koma baya yana gangarawa wajen gidan masu bugu, ba kowa a can sai mai bugun shi kaɗai.

Dokar jami'o'i ta bambanta da ta ƙwararru a nan. A gasar ƙwararru mutum biyu na gefe kaɗai aka yarda su ruga gaba kafin a buga. A jami'o'i kuwa kowa yana iya rugawa da zarar an cillo ƙwallo. Wannan ya sa yawancin jami'o'i suka koma ga wani tsari da ake kira garkuwa. Ana baza mutanen layi da tazara mai faɗi a tsakaninsu, su ɗan bangaji wanda ke gabansu su wuce da gudu don su kama mai karɓa, sa'an nan a jera ƙarti uku kimanin yadi 7 a baya su zama katangar mai bugu. Tsarin yana da amfani, domin yana hana mai karɓa sakat. Amma ya rataya ne a kan lissafi. Ƙarti uku mutum uku za su tare. In abokan karawa suka taru a gefe guda har mutum huɗu suka ratso, na huɗun ba mai tare shi. Saboda haka dole wani a cikin garkuwar ya ƙirga masu tahowa kafin a cillo ƙwallo, ya yi kira a gyara tsayuwa, ko a karkatar da bugun zuwa ɗaya gefen. Wannan ƙirga da wannan kira ba a haihuwar mutum da su, koya masa ake yi, a yi ta maimaitawa har su zama jiki.

In muka koma ga abin da ya faru a Ann Arbor da wannan ido, sai mu ga laifin ya wuce na hannu ɗaya. Michigan State ba su ajiye kowa a baya don karɓar ƙwallo ba, sun turo ƙarfinsu duka gaba. Michigan kuwa ba ta tattaro mutanenta duka ciki don kare mai bugu ba, alhali a wannan lokaci ba a bukatar masu rugawa gaba, tun da babu wanda za su je su kama. Har wa yau, da an dasa wa yaron a zuciya cewa in ƙwallo ya faɗi ya kwanta a kansa kawai, da baƙin sun sami yunƙuri ɗaya tak daga nesa. Waɗannan duka shawarwari ne na gefen fili, na manya masu albashi.

Ba yau aka fara ba

Tsofaffin 'yan kallo a jihar Alabama har yanzu suna tuna ranar 2 ga Disamba, 1972. Jami'ar Alabama, a ƙarƙashin shahararren kocinta Paul Bryant, ta ci wasanninta 10 a jere, ita ce ta biyu a ƙasa, tana kuma gaban Jami'ar Auburn da maki 16 da nema har aka shiga zango na ƙarshe. Rukunin harin Auburn bai ci ko yadi 100 ba a wasan duka. Suka samu maki 3 da bugun sanduna. Cikin mintuna 6 na ƙarshe Alabama ta fito bugun sallama, Bill Newton ya ratso ya tare, David Langner ya ɗauka ya shiga gida. Jim kaɗan Alabama ta sake fitowa bugun sallama, Bill Newton ɗin nan dai ya sake tarewa, David Langner ɗin nan dai ya sake ɗauka ya shiga gida. Aka tashi 17 da 16. Maki ɗayan da ya raba su ma daga rukunin bugu ya fito, domin tun da fari Auburn ta tare wa Alabama ɗan bugun ƙarin maki. Na farko a iya cewa tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Na biyun fa? Mutum ɗaya ya shigo sau biyu cikin 'yan mintuna, ba wanda ya toshe kafar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan shekara 41, ranar 30 ga Nuwamba, 2013, jami'o'in nan biyu suka sake haɗuwa, Alabama tana ta ɗaya a ƙasa a ƙarƙashin Nick Saban. Saura sakan ɗaya, ana 28 da 28, Alabama ta gwada bugun sanduna daga yadi 57. Ƙwallo bai kai ba, Chris Davis na Auburn ya cafe shi a can ƙuryar gidansu, ya ratsa fili duka ya shiga gidan Alabama, aka tashi 34 da 28. Waɗanda Alabama ta jera a fili yawancinsu ƙarti ne masu nauyi da aka zaɓa don tare mutane, ba masu iya bin mai gudu ba. Auburn ta yi tunanin abin da zai biyo bayan bugun, ta ajiye mutum a baya. Alabama kuwa a kan bugun kaɗai hankalinta ya tsaya.

Misalan suna da yawa. A 2007 ƙaramar jami'ar Appalachian State ta kayar da Michigan 34 da 32 a gidanta, bayan ta tare bugun sanduna har biyu a mintunan ƙarshe. A 2016 Penn State ta tare wa Ohio State bugun sallama da bugun sanduna a zango na ƙarshe, ta ci 24 da 21. Duk jami'o'in da aka kayar ɗin nan manya ne masu kuɗi da zaratan 'yan wasa. Ashe ke nan matsalar ba ta rashin hali ba ce.

Inda sakacin yake

Wuri na farko shi ne lokaci. Tun 1991 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta kayyade cewa kada a riƙe ɗalibi a harkar wasa fiye da awa 20 a mako lokacin gasa, domin ya sami sararin karatu. Doka ce mai kyau. Amma babban koci, wanda galibi ta rukunin hari ko na tsaro ya yi suna, in ya zo rabon awoyin nan sai ya ba ɓangarensa kaso mai tsoka, rukunin bugu a bar masa 'yan mintuna a farkon horo ko a ƙarshe, lokacin da kowa ya gaji yana duban hanyar ɗaki.

Na biyu shi ne mai koyarwa. Shekaru da yawa doka ta tsaya a kan mataimaka 9, aka ƙara na 10 a watan Janairu na 2018. Jami'o'i da dama sun saba rarraba rukunin bugu a tsakanin mataimaka, wannan ya riƙe bugun sallama, wancan ya riƙe karɓa, ko kuwa a lafta wa mutum ɗaya shi a kan aikinsa na asali. Ma'aikatan ofis sun san makomar fayil ɗin da aka ce na kowa ne.

Na uku shi ne mutane. Daga 1994 har zuwa 2025 kowace babbar jami'a tana da sukolashif 85 na ƙwallo, kociyoyi kuma sukan yi ƙyashin kashe su a kan mai bugu ko mai cillowa. Sau da yawa 'yan sa kai ne ke riƙe waɗannan ayyuka, watau ɗaliban da ke biya wa kansu kuɗin makaranta su zo su nemi shiga. Sauran gurabun rukunin kuma a cika su da sababbin shiga da 'yan benci, domin ana tsoron kada zaratan su ji ciwo. Ga shi kuma tun 2021 aka sassauta dokar canja makaranta, ɗan benci da ya ƙware a garkuwa bana, baɗi ya tafi inda za a ba shi babban matsayi, a sake sabon lale.

Wanda ke son ganin sakamakon wannan duka a wuri ɗaya ya dubi Jami'ar Nebraska a 2021, a ƙarƙashin Scott Frost. Ta ci wasa 3, ta faɗi 9, kuma a cikin taran nan babu wanda aka fi ta da maki 10. A wasanta da Oklahoma aka tare mata ɗan bugun ƙarin maki, aka ruga da shi aka sami maki 2. A wasanta da Michigan State tana gaba a zango na ƙarshe, mai bugu ya aika ƙwallo gefen da mutanensa ba su nufa ba, Jayden Reed ya dawo da shi yadi 62 har gida, aka kayar da ita 23 da 20 a ƙarin lokaci. A wasan ƙarshe tana gaban Iowa da 21 da 9, aka tare mata bugun sallama aka shiga gida da shi, wasa ya juye, aka tashi 28 da 21. A wannan shekara wanda ke riƙe da rukunin bugun Nebraska yana haɗawa da koyar da wani sashe na rukunin tsaro. Sai da shekara ta lalace aka keɓe mutum guda don aikin, a watan Satumba na 2022 kuma aka sallami Frost.

Waɗanda suka ɗauki abin da muhimmanci

Iowa ɗin nan da ta tare bugun Nebraska, tun 2018 ta keɓe koci guda wanda ba shi da wani aiki sai rukunin bugu. A 2023 rukunin harinta shi ne na ƙarshe a yawan yadi cikin manyan jami'o'i kimanin 130, amma duk da haka ta ci wasa 10 cikin 14. Mai bugunta Tory Taylor ya tara yadi 4,479 a shekarar, ya karya tarihin da ya tsaya tun 1938. Kullum abokan karawa daga can ƙuryar fili suke farawa, rukunin tsaro kuma ya ƙarasa aikin.

Kafin Iowa akwai Frank Beamer, wanda ya riƙe Virginia Tech daga 1987 zuwa 2015. Shi da kansa yake koyar da rukunin bugu, yana kuma saka zaratan 'yan wasansa a ciki, har shiga rukunin ya zama abin alfahari a wurin ɗalibai. A shekarun 1990 babu jami'ar da ta kai tasa tare bugu, da haka kuma makarantar da a da ba a lissafa ta cikin manya ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a watan Janairu na 2000. Gaskiya ta sa a faɗa cewa a wannan wasa Florida State ta tare masa bugun sallama ta shiga gida, ta kuma dawo da wani bugun har gida, ta ci 46 da 29. Iowa ma a wasan ƙarshe na gasar yankinta a 2023 Michigan ta yi mata 26 da nema. Kula da rukunin bugu ba laya ba ce, ba ya kuma maye gurbin hari. Abin da yake yi shi ne ya hana a riƙa kyautar da wasan da aka riga aka ci da gumi.

Hujjojin masu ja

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko suna cewa bugu shi ne ɓangare mafi hatsari a wasan, domin mutane kan taho a guje daga nesa su yi karo, saboda haka ba hikima ba ce a jefa zaratan 'yan wasa a ciki. Ba wanda zai manta da Eric LeGrand na Rutgers, wanda ya karye a wuya ya shanye a wajen bugun buɗe wasa a watan Oktoba na 2010. Hukuma ta yi gyare-gyare bayan haka. A 2012 ta matsar da wurin bugun buɗe wasa gaba domin a rage dawowa da ƙwallo, ta kuma hana tsallake garkuwa ta sama. A 2018 ta ba mai karɓar bugun buɗe wasa damar ɗaga hannu ya cafe, a ajiye masa ƙwallo a yadi 25 ba tare da karo ba. To, amma in har aikin yana da hatsari, wa ya fi cancanta a tura, wanda ya ƙware ko yaron da ya shigo jami'a watanni uku da suka wuce? Hatsarin hujja ce ta ƙara horo. Ran ɗan benci kuma bai fi na tauraro araha ba.

Na biyu masu lissafi ne. Tun 2006 wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Romer, ya buga nazarin da ya nuna cewa kociyoyin ƙwararru suna yawan bugawa a yunƙuri na huɗu a inda ya fi riba su gwada sa'a. Yau kociyoyin jami'o'i da yawa sun karɓi wannan magana, bugun sallama kuma ya ragu. Na yarda da lissafin. Sai dai raguwa daban, ƙarewa daban. Kevin Kelley, wanda ya yi suna a wata makarantar sakandare a jihar Arkansas da ƙin bugun sallama, ya kai tsarinsa kwalejin Presbyterian a 2021, ya ci wasa 2 ya faɗi 9, ya bar aikin bayan shekara ɗaya. Muddin ƙungiya za ta fita bugun sallama sau huɗu ko biyar a wasa, to, sau huɗu ko biyar ke nan take ajiye ƙwallo yadi 15 a bayan layinta, a hannun mutum ɗaya. Abin da ake yi jefi-jefi ma shi ya fi saurin tsatsa.

Na uku masu cewa ai an sami magani, a ɗauko mai bugu daga Ostareliya. Gaskiya ne samarin can, da suka tashi da nasu irin ƙwallon, sun iya bugu suna gudu zuwa gefe, abin da ke wahalar da masu tarewa. Wata makarantar horo a Melbourne mai suna Prokick Australia, wadda aka kafa a 2007, ta tura da yawansu Amurka, kuma daga 2013 zuwa 2017 su ne suka lashe lambar Ray Guy ta gwarzon mai bugun sallama shekara biyar a jere. Tory Taylor na Iowa ɗan Ostareliya ne. Blake O'Neill na Michigan ma ɗan Ostareliya ne. Ƙafa mai kyau ba ta gyara cillowa mara kyau, ba ta kuma ƙirga masu tahowa.

Abin da ya kamata

Yanzu uzurin ƙarancin mataimaka ya kau, domin a watan Yuni na 2024 NCAA ta ɗage iyakar yawan ma'aikatan da za su iya koyarwa a fili. Uzurin kuɗi kuwa dama babu shi. A 2024 akwai kociyoyin da albashinsu ya haura dala miliyan 10 a shekara, a jihohi da yawa na Amurka kuma babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin ƙwallon jami'ar jiha albashi. Wata sabuwar barazana ce ma ta taso. Yarjejeniyar da kotu ta amince da ita a watan Yuni na 2025 ta ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko, ta kuma kayyade yawan 'yan ƙwallo a 105 ga jami'o'in da suka shiga tsarin, ko da yake an yi rangwame ga ɗaliban da ke ciki tun da fari. A da wasu kan tara 120 ko fiye. Waɗanda wuƙar ragi za ta fi faɗa wa su ne 'yan sa kai, ga shi kuwa da su ake cika rukunin bugu.

Saboda haka shawarata ga shugabannin sassan wasanni ita ce su daina karɓar kalmar tsautsayi daga bakin kociyoyinsu. A keɓe mutum guda mai cikakken iko a kan rukunin bugu, wanda za a kira da suna in abu ya ɓaci. A ba rukunin lokacinsa a tsakiyar horo, babban koci yana tsaye a wurin. A ba mai cillowa da mai bugu sukolashif da kasonsu na sabon kuɗin, tun da hannunsu da ƙafarsu ke riƙe da wasa a sakan na ƙarshe. A kuma gwada ɗalibai a kan ranar da abu zai lalace, watau ƙwallo ya zo ƙasa, ko ya tsallake kai, ko abokan karawa su turo mutum 11 duka, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Su kuma 'yan kallo, kafin su zagi ɗalibin da aka ba sakan biyu, su tambayi wanda aka ba awa 20 a mako da albashin miliyoyi yadda ya kashe su. Michigan State ɗin da ta tsinci nasara a Ann Arbor ita ce ta lashe gasar yankinta a 2015, ta shiga cikin jami'o'i huɗu da suka nemi kofin ƙasa. Michigan kuwa ta zauna tana kallo. Magabata sun gama magana da suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.